Malam Moctar da Cinikin Mai Jifa na Biyu

Idan ka sauka daga taram, jirgin nan mai bin titi, a unguwar La Guillotière ta garin Lyon, ka bi layin masu kayan miya, shagon Malam Moctar shi ne wanda hular kwano take rataye a saman buhunan gero. Baƙi sukan ɗauka ta mai babur ce. Ba haka ba ne. Ta ƙwallon Amurka ce, kuma mai shagon shi ne shugaban wata ƙaramar ƙungiya da ke buga wannan wasa a bayan garin Lyon. Sunan ƙungiyar da Faransanci yana nufin bushiya, saboda haka mu Bushiyoyi muke ce musu.

Moctar Bagobiri ne, ɗan wani dillalin shanu. Ya zo Faransa yana saurayi, ya yi shekaru yana ɗora kaya da sauke su a manyan ɗakunan ajiya na Aubervilliers, a gefen Paris, daga baya ya dawo Lyon ya buɗe shago, ya auri Hassia, ya sayi farar motar ɗaukar kaya. Motar nan ce ta jawo masa shugabanci. Ɗansa ya shiga ƙungiyar yana makarantar sakandare, aka rasa mai kai musu kayan wasa fili, Moctar ya ce shi zai kai na rana ɗaya. Yaron ya girma, aiki ya kai shi Marseille, ya manta da ƙwallo. Uban bai manta ba. Da aka zo zaɓen shugaba kowa ya sunkuyar da kai, sai aka ga mai motar ne kaɗai yake kallon gaba, aka tafa masa.

Ni na riga shi sanin irin wannan ƙwallo. A makarantar mishan da na yi kusa da Maradi akwai wani malaminmu Ba'amurke da yake da ita, mai siffar gwanda, da ɗinki a gefe. Yakan fito da ita ranar Asabar bayan mun share aji, mu yi ta binta tana tsalle inda ta ga dama. Shi ya sa da na yi ritaya, na samu kujera a shagon Moctar, ni ne nake yi wa masu sayen daddawa bayanin wasan.

Bayanin ba shi da tsawo. Akwai ƙarti a gaba, aikinsu su zama katanga. A bayansu akwai mutum ɗaya da ake miƙa wa ƙwallo, shi kuma ya jefa wa masu gudu su cafe, kafin ƙartin ɗaya gefen su fasa katangar su danne shi. Wannan mutum mai jifa muke ce masa. Da yake danne shi ake yi kullum, kowace ƙungiya takan ajiye na biyu a benci, ko da na farko zai ji ciwo.

Mai jifa na farko a Bushiyoyi wani Bafaranshe ne siriri, Bastien. Na biyu kuwa Rachidou, ɗan Damagaram, mai gyaran lif a dogayen benaye. Yaro ne mai ladabi, ba ya makara, ya haddace duk dabarun wasan. Jifansa dai ba yabo ba fallasa. Ƙwallon takan isa inda aka aike ta, amma a hankali, kamar ɗan aiken da ba a ce masa ya yi sauri ba. Shekara huɗu ya yi a benci. Bastien kuwa duk da dannewar da yake sha, sai ya tashi ya kakkaɓe jiki ya ci gaba.

Ana nan sai wani mai horar da wata ƙungiya a gefen Aubervilliers, Gilles, ya bugo wa Moctar waya. Yana son Rachidou ya koma wurinsu, ya zama mai jifa na farko. A madadinsa, akwai wani ƙaton ɗan wasansu, Yannick, da aiki ya mayar Lyon, bai riga ya zaɓi ƙungiya ba. Gilles ya ce zai turo shi Bushiyoyi. Abin da Bushiyoyi suka fi buƙata ke nan, don katangarsu kamar danga take. Amma idan Rachidou ya tafi, ranar da Bastien ya faɗi bai tashi ba, babu mai ɗaukar ƙwallo.

Gilles ya ɗauka maganar minti biyar ce a waya. Bai san da ɗan wa yake magana ba. Moctar ya ce ubansa bai taɓa sayar da ko ɗan akuya ba tare da dillali ba, balle mutum. Ya kira Nouhou, wani Bazabarme mai sarin kaya a Aubervilliers, abokin wasansa, ya ce ya shirya musu zama. Ni ma aka ce in zo in zama shaida. Muka hau jirgin ƙasa da safe, azahar ta yi mana a wani gidan abinci a unguwar Château Rouge ta Paris, tsakanin mai sayar da atamfa da mahauci.

Gilles ya zo da rigar wasanni, yana duba agogo. Moctar ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi sanyi, ya tambaye shi gajiyar hanya, alhali mu ne muka yi tafiyar. Aka kawo shinkafa da miyar gyaɗa. Sai da aka ci aka sha shayi sannan Nouhou ya ce a nuna masa hoton ƙaton.

Ya daɗe yana kallon hoton a wayar Gilles, ya taɓe baki.

"Wannan cinsa zai fi aikinsa," in ji shi. "Gwiwarsa lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Gilles.

"Haƙora fa?"

Gilles ya dube ni. Na ce masa al'ada ce, ya yi haƙuri.

Daga nan Moctar ya gyara zama ya shiga yabon hajarsa. Ya ce Rachidou bai taɓa ɗaga masa murya ba. Ya ce shi ne mai fara zuwa fili, shi ne mai kashe fitila. Ya ce in ka tashe shi daga barci ka tambaye shi dabara ta kaza, zai faɗa maka inda kowa zai tsaya. Gilles ya yi ta gyaɗa kai har ya gaji.

"Duk na ji," ya ce. "Amma ni hannunsa na hagu nake so. Mai jifanmu da ya daina wasa bahago ne, duk tsarinmu a kan bahago aka gina shi. Na daɗe ina neman wani."

Moctar ya ajiye kofin shayi. Ubansa ya koya masa cewa ba a barin mai saye ya tafi da kuskure, don saniyar da aka sayar a kan ruɗu ita da kanta take dawowa gida.

"To, ka yi kuskuren yaro," ya ce. "Namu da dama yake jifa. Kuma tsakani da Allah, jifan nasa na tsaka-tsaki ne."

Nouhou ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya juya harshe zuwa Hausa.

"Kai Bagobiri, sayarwa ka zo yi ko ɓata haja? Wa ya tambaye ka?"

"Rufe min baki, bawana. Gaskiya nake faɗa."

"Gaskiyar da ba a nema ba ai asara ce. Shi ya sa har yau gero kake aunawa."

Gilles bai ji abin da suke cewa ba, amma ya ce bai yi kuskure ba. Ya ce bara, da Bushiyoyi suka zo wasa Paris, bayan an tashi wata ƙwallo ta tsallake waya ta faɗa wurin ajiye motoci. Wani yaro yana can kusa da farar mota, jakar kaya a hannunsa na dama. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon da hagu, ko jakar bai ajiye ba, ya wurgo ta. Ta tsallake wayar, ta wuce rabin fili, ta sauka a ƙirjin Gilles. Ya ce sai da ya tambayi sunan yaron a ranar.

Moctar ya ce a ba shi mako guda. A jirgi, muna hanyar komawa Lyon, ya ce min, "Malam, ɗan kasuwar da bai san abin da ke cikin buhunsa ba, me sunansa?"

A shago muka tarar da Hassia tana ƙulla kuka a leda. Ya ba ta labari. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Sai yau ka sani?"

"Ke kin sani?"

"Malam, duk babbar salla yaron nan yake taya ni yanka albasa. Da hagu yake riƙe wuƙa. Da ya ji takunka sai ya mayar dama, albasar ta koma fitowa kamar an sare ta da gatari."

"To me ya sa zai ɓoye min?"

Sai a nan ta dube shi. Ta ce ita tana wurin ranar da Rachidou ya fara zuwa fili, ta kawo musu zoɓo. Moctar ya ce masa ya jefo ƙwallo a gani, yaron ya jefo da hagu. Moctar ya cafe, ya ce, "Kai, ɗan gidan wa ne kai, kake jefo wa babba abu da hagu?" Rabi wasa ne, rabi kuma bakinsa ne ya saba, kamar yadda bakin kowane dattijo ya saba. Amma yaron da kakarsa ta sha ɗaure masa hannun hagu da zane don ya koyi cin tuwo da dama bai ji wasan ba, sai faɗan. Daga ranar, in dai Moctar yana fili, da dama yake jifa. Moctar kuwa kullum yana fili.

Ranar Asabar da safe aka yi atisaye. Akwai sanyi, ciyawa ta jiƙe. Moctar ya shiga tsakiyar fili da doguwar rigarsa da takalmin roba, abin da bai taɓa yi ba.

"Rachidou, zo nan. Jefa wa wancan yaron, da ɗaya hannun."

"Wane hannu, Baba?"

"Wanda kake ɓoye min kamar kazar sata."

Rachidou ya sunkuyar da kai. "Baba, ai ba kyau."

"A kwanon tuwo ne ba kyau. Nan ka ga tuwo? Jefa."

Ya jefa. Na ga jifa a rayuwata, amma wannan har wani ɗan fito ƙwallon take yi a iska. Ta je daidai hannun mai cafewa, ta kuɓuce masa ta faɗi. Aka sake, ta sake kuɓucewa. Aka canja mai cafewa, shi ma haka. Kowa ya tsaya yana kallon hannunsa kamar an shafa masa sabulu.

Kocin Bushiyoyi ne ya warware mana. Ya ce ƙwallon bahago juyawarta daban ce, ta ɗaya gefen take murzawa, kuma hannun da ya saba da ta dama sai ya daɗe kafin ya saba. Ba wannan kaɗai ba. Katangar ma sai an juya ta, don bayan bahago yana wani gefen ne, kuma duk dabarun da aka haddace sai an kifa su. Ya ce aikin shekara guda ne, ga shi kakar wasa ta kusa. Bana dai Bastien ne.

"Amma kada ka sake shi," ya ce wa Moctar. "Ba mai hankalin da zai saki irin wannan hannu. Ya zauna a benci, ya koma dama in an buƙace shi, baɗi mu gani."

Bastien yana gefe yana jin su. Ya cire hular kwano ya ce, "Shugaba, ni dai ka taimake ni ka tura shi Paris yau. In ya kwana biyu a nan, ni zan koma ɗaukar jaka." Aka yi dariya, har da Rachidou.

Yanzu ciniki ya ƙara wuya. Da, mai jifa na tsaka-tsaki za a bayar a karɓi ƙato. Yanzu Moctar ya ga abin da ke cikin buhun, kuma ransa ya biya. Ya kira Rachidou bayan mota ya tambaye shi abin da yake so.

"Duk yadda ka ce, Baba."

"Ba ni zan yi wasan ba. Kai nake tambaya."

"Abin da ka gani shi ne daidai."

"Kana son Paris?"

"Paris ba laifi."

"Lyon fa?"

"Lyon ma ba laifi."

Moctar ya dawo shago yana huci. Ya ce gara ciniki da Bazabarme goma da tambayar yaro mai kunya. Kwana biyu yana auna wa mutane wake yana magana shi kaɗai. In ya tuna dangar da suke kira katanga, sai ya ce a tafi da shi. In ya tuna siraran ƙafafun Bastien, sai ya ce ba inda za shi. In ya tuna fiton ƙwallon nan, sai ya cika wa mai saye mudu har ya zuba.

Hassia ce ta gaji. Ta aika a kira mata Rachidou, wai tana da aiki. Ta zaunar da shi a bayan shago, ta tura masa tiren albasa da wuƙa, ta ce ya yanka da hannun da Allah ya ba shi. Ta bar shi ya yi nisa, sannan ta yi tambayarta tana kallon tukunya. Mu muna gaba, labule ne kawai tsakaninmu. Moctar ya ɗora yatsa a baki.

"Inna," muka ji ya ce, "na gaji da rigata ta dawo daga wasa fes kamar ta ango. Ina so in yi wasa, ko da danne ni za a yi ta yi. Kamfaninmu ma yana da reshe a Paris, na tambaya. Amma ba na so a ce na guje wa Baba. Shi ya kai ni asibiti da na karye a wurin aiki."

"To in ya ce ka zauna?"

"Sai in zauna."

Moctar ya daɗe yana kallon hular kwanon da ke rataye. Can ya ce min, a hankali, shi ma ya taɓa zama yaron wani a Aubervilliers. Ya ce ranar da ya iya ciniki, ubangidansa bai ce ya tsaya baɗi a gani ba. Ya cika masa mota da kaya, ya nuna masa hanyar Lyon, ya koma yana ɗaga buhu da kansa har ya samu wani yaron.

Ya ɗauki waya ya kira Nouhou.

"Bawana, ka gaya wa Baturen na sallama. Amma da sharaɗi. Ƙaton ya zo, da tsofaffin hulunan da na ga sun jibge a ɗakin kayansu bara. Kuma yaron nan wasa zai je yi. In benci ne, muna da namu, kuma namu ya fi kusa da tukunyar Hassia."

"Ni kuma la'adata fa?"

"Ka ci shinkafa ranar nan, har ka ƙara."

Gilles ya yarda da duka. Yannick ya zo, kuma maganar Nouhou ta tabbata rabi, don cinsa ba kaɗan ba ne, sai dai aikinsa ma ba kaɗan ba ne. Bastien ya samu sararin tsayawa ya duba kafin ya jefa, abin da bai saba ba. Amma abin da ake tsoro bai fasa zuwa ba. A tsakiyar kakar, Bastien ya gurɗe yatsa a wani wasa, aka waiga benci ba kowa. Wani mai gudu ya karɓi jifan, ya yi ta aika ƙwallo ga abokan hamayya kamar mai rabon goron biki. Aka lallasa Bushiyoyi ranar, aka sake lallasa su a mako na gaba kafin yatsan ya warke. Koci ya dubi Moctar. Moctar ya ce, "Na gani," ya ci gaba da loda kaya a mota.

Bayan haka ne ya ce min zai je sarin kaya Aubervilliers, in raka shi. Na lura ya zaɓi ranar Lahadi, ranar da ɗakunan ajiya suke a rufe. Nouhou ya tarye mu a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka taka zuwa filin ƙungiyar Gilles. An yi ruwa da safe, wurin duk laka.

Rachidou ne ya fito da ƙungiyar. Ba zan ce ya yi abin al'ajabi ba. Sau biyu ya jefa wa abokan hamayya. An danne shi har na daina kallo. Moctar ya riƙe waya da hannu biyu yana ihu da Hausa, Turawan da ke kusa suna matsawa. Amma ana dab da tashi sai yaron ya ja baya, ya kauce wa wani ƙato, ya saki wata doguwa ta gefen hagu. Mai cafewa bai ko rage gudu ba, ta sauka a hannunsa ya wuce da ita ƙarshen fili. Hular Moctar ta faɗa cikin laka, bai sani ba sai da Nouhou ya ɗauko masa. Duk da haka ƙungiyar Rachidou ce ta sha kashi, da ɗan kaɗan.

Ya zo wurinmu yana ɗingishi, leɓe a kumbure, ba ka gane launin rigarsa. Ya rusuna ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya.

"Sun ji maka ciwo?" in ji Moctar.

"Sosai, Baba." Yana ta murmushi, leɓen yana hana shi.

"Mako mai zuwa wa zai fara?"

"Ni ne dai."

"Na bayansa fa?"

"Ni ne, in Allah ya yarda."

Moctar ya gyaɗa kai, ya kakkaɓe hularsa a gwiwa ya mayar.

"To je ka wanke jikinka, muna jiranka. Nouhou zai saya mana gasasshen nama."

"Ni?" in ji Nouhou. "Yaushe na ce haka?"